Zauren Malama: Wa Ya Duba Maƙalar Kafin Ta Fito?

Duk shekara idan lokacin ƙarin girma ya ƙarato a kwalejojin jinya da asibitocin koyarwa, sai jakar wasiƙun wannan zaure ta sauya kama. Masu kukan aikin dare da alawus su yi tsit, kowa ya koma zancen maƙala, wato rubutun bincike da ake bugawa a mujalla. Shekara 32 na yi cikin farin kaya, 11 a ɗakin yara da na haihuwa, sauran a aji, kuma har yau akwai mujallu biyu da ke aiko mini da rubuce-rubuce in duba musu. Da wannan ɗan sanin zan amsa wasiƙu shida da na zaɓo. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Malama, barka da aiki. Ina koyarwa a wata kwalejin jinya, maƙala biyu suka rage mini in cika sharaɗin ƙarin girma kafin watan Oktoba. Wata mujalla ta aiko mini da imel, ta kira ni Farfesa, ta ce aikina ya burge ta, in turo maƙala za ta fito cikin kwana biyar idan na biya dala 120. Abokan aikina uku sun buga a can, kuma an ƙirga musu. In aika?
*Malamar jinya, Jihar Zamfara*

'Yata, wanda ya kira ki Farfesa alhali ke kin san inda kika tsaya, ai ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Bai karanta aikinki ba, jakarki ya hango. Ni ma suna aiko mini. Akwai wadda ta roƙe ni in zama edita a mujallar injiniyancin man fetur, ni da iyakar sanina da fetur bin layi a gidan mai.

Ki dubi kwana biyar ɗin nan da kyau. A mujallar ƙwarai, edita ne zai fara karanta maƙalar ya ga ko ta dace da su. Idan ta dace sai ya shiga neman masana biyu ko uku da za su yi mata bita, kuma da yake aikin kyauta ne, yakan sha roƙo kafin biyu su amsa. Su ɗauki makonni, su maido da gyare-gyare, ki gyara, a sake dubawa. Wata uku, wata shida, wani lokaci har shekara. Abin da kawai ake iya dubawa cikin kwana biyar shi ne ko kuɗinki sun shiga asusu.

Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado ta Amurka, Jeffrey Beall, shi ya raɗa wa irin waɗannan mujallu suna a 2010, sunan da ke nufin dabba mai farauta. Ni kuraye nake ce musu. Ya yi ta tara sunayensu har watan Janairun 2017 da ya rufe jerin. A 2013 kuma wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ɗana musu tarko. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya kan wani sinadari da wai yana hana ciwon daji yaɗuwa, ya cusa mata kurakuran da ɗan aji ɗaya zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Abin da ya tsaya mini a rai, sunayen marubutan bogin masu kama da na 'yan Afirka ya yi amfani da su, a cibiyoyin ƙarya cikin biranen Afirka, don ya san ba wanda zai yi mamaki idan ya nemi irin wannan suna a intanet bai gani ba.

Kada ki ɗauka jinya ta tsira. A 2016 Farfesa Marilyn Oermann ta Jami'ar Duke da abokan aikinta sun ƙirga kuraye 140 masu kiran kansu mujallun jinya, daga kamfanoni 75. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta umarci kamfanin OMICS da ke Hyderabad ta Indiya ya biya sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

Amma a yi adalci. Karɓar kuɗi kaɗai ba ya mai da mujalla kura. Akwai na kirki da ke karɓa don a bar kowa ya karanta kyauta, kuma da yawansu kan yafe ko su rage wa marubutan ƙasashe irin namu idan aka nema tun kafin a aika. Haka kuma kasancewar mujalla 'yar Afirka, ko ƙarama, ba aibi ba ne. Shi kansa Beall an soke shi da yi wa ƙananan mujallun ƙasashe matalauta kuɗin goro. Abin yi shi ne ki bincika da kanki. Ki shiga kundin DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, ko AJOL mai tattara mujallun Afirka, ko kundin Scopus, ko jerin mujallun jinya na ƙungiyar editoci ta INANE, ki rubuta sunan mujallar harafi da harafi, domin kurayen kan ari sunan mujallar kirki su sauya kalma ɗaya. Kada ki yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu, tambari kowa na iya liƙawa. Sannan ki buɗe maƙala biyu da suka buga ki karanta. Idan kin ga ta jinya na maƙwabtaka da ta noman rogo, ai kin samu amsarki.

Batun an ƙirga wa abokan aikinki kuwa, na yarda. Sai dai kwamiti yakan sauya, mai tantancewa daga waje yakan zo da idonsa a buɗe. Kuma maƙalar da kura ta haɗiye ba ta fitowa: mujallar kirki ba za ta karɓe ta ba tunda an riga an buga, in kin ce a janye su ce sai kin biya. Oktobar baɗi ma Oktoba ce.

Malama, na gaishe ki. Ni ɗalibin digiri na biyu ne. Na yi bincike kan ciwon baya tsakanin ma'aikatan jinya. Ni na tsara, ni na zaga asibitoci huɗu da kuɗin mashin daga aljihuna, ni na rubuta. Yanzu da za a aika mujalla, malamin da ke duba aikina ya ce a sa sunansa a farko, a ƙara da shugaban sashe da wani abokinsa da ban taɓa gani ba. Ya ce haka ake yi. Haka ake yi?
*Ɗalibi, Arewa maso Gabas*

Haka ake yi, ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ba haka ƙa'ida ta ce ba, kuma ƙa'idar a rubuce take.

Tun 1978 editocin wasu manyan mujallun lafiya suka fara zama a birnin Vancouver na Kanada, zaman da ya haifi kwamitin ICMJE, wanda mujallun jinya da yawa ke bin tsarinsa. Sharaɗi huɗu suka gindaya, kuma sai an cika duka huɗun mutum ke zama marubuci. Ya sa hannu sosai a tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu. Ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai ma'ana, ba gyaran waƙafi ba. Ya amince da rubutun ƙarshe. Na huɗun shi ne wanda manya ba sa son ji: ya yarda zai amsa tuhuma kan aikin idan tambaya ta taso. Malaminka, in da gaske ya zauna da kai ya gyara tsari ya bi babi-babi, ya cancanci suna, amma bisa al'ada wanda ya ɗauki mafi nauyin aikin shi ke zuwa farko. Shugaban sashen da ya sa hannu a takardar izini, wurinsa sashen godiya. Abokin da ba ka taɓa gani ba ba shi da wuri ko a can.

Ga labarin da nakan ba manyan da ke son sunan kyauta. A 1994 wani likitan mata a Landan, Malcolm Pearce, ya buga a mujallar likitocin mata ta Birtaniya cewa ya ciro cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ya dasa shi a cikin mahaifa, har matar ta haihu lafiya. Duniya ta ɗauka. Da aka bincika, babu matar, babu jaririn. Cikin sunayen da ke kan maƙalar har da na shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda shi ne editan mujallar kuma shugaban ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar. Bai san ƙarya ba ce, sunansa kawai aka sa don girmamawa. Duk da haka sai da ya ajiye muƙaman biyu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ban ce ka je ka yi fito-na-fito da mutumin da takardar kammala karatunka ke hannunsa ba. Bar takarda ta yi maka faɗan. Zaɓi mujallar da ke neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, kowa ya sa hannu. Kai masa fom ɗin cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, sun ce a cika wannan, me zan rubuta a gaban sunan wane?" Da yawa a nan suke janyewa. In bai janye ba, ka ajiye daftarinka na farko da saƙonnin da ke tsakaninku, kuma a aiki na gaba ku yi maganar jerin suna tun ranar farko.

Sannan ka juya ka dubi bayanka. Su waye suka taya ka raba takardun tambayoyi a asibitocin nan huɗu? Ina ƙaramar nas na yi wata takwas ina auna nauyin yara masu tamowa kowace safiya, ina cika wa wani likita rajista. Shekara biyu bayan haka na ga maƙalar a ɗakin karatu. Na bi sunaye, na bi sashen godiya. An gode wa mai buga tafireta. Har yau ban manta ba.

Malama, raina a ɓace yake. Shekara 19 ina aikin ungozoma. Na rubuta maƙala kan dalilan da ke sa mata haihuwa a gida duk da suna zuwa awo, na aika wata mujalla a Turai. Bayan wata huɗu suka ƙi ta, da shafi uku na suka daga mutum biyu da ba su ko bayyana sunansu ba. Anya ba don daga Najeriya nake ba? Kuma in sun iya haka, me ya sa ake jin an janye maƙalun ƙarya daga manyan mujallu?
*Ungozoma, Jihar Jigawa*

'Yar'uwa, shafi uku? Ki gode wa Allah. Wanda ya raina aikinki layi biyu zai rubuta. Wanda ya zauna ya cika shafi uku, ba a biya shi ko sisi ba, ya karanta ki ne da gaske.

Ke kin san ƙarin jini. Ba a rataya leda sai nas biyu sun tsaya, ɗaya na karanta lamba da rukuni da ranar lalacewa, ɗaya na duba kati da hannun majinyaci. Bitar masana ke nan. Ta biyun ba ta fi ta farko ilimi ba, ido ne na biyu. Amma ki lura, abin da ke rubuce a jikin leda take dubawa. Idan tun daga ɗakin gwaji aka liƙa takardar ƙarya, ita ma za ta sa hannu. Mai bita ba ya zuwa ƙauyen da kika yi bincike, ba ya ganin takardunki na asali. Abin da kika rubuta yake aunawa, bisa zaton ke mai gaskiya ce.

Shi ya sa ƙarya kan wuce. A 1998 Fiona Godlee, wadda daga baya ta zama babbar editar mujallar likitoci ta BMJ, ta gwada masu bita ita da abokan aikinta. Suka sa kurakurai takwas da gangan a wata maƙala suka rarraba. Cikin mutum 221 da suka amsa, matsakaicin abin da aka gano biyu ne, wasu ko ɗaya ba su gani ba. A shekarar ce kuma mujallar likitoci ta The Lancet ta buga maƙalar likita Andrew Wakefield kan yara 12, wadda ta jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus na da alaƙa da lalurar galahanga. Bai bayyana wa mujallar cewa yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin allurar ba. Iyaye suka tsorata, ƙyanda ta dawo Ingila. Sai a Fabrairun 2010 aka janye maƙalar baki ɗaya, a watan Mayu aka soke lasisinsa. Shekara 12.

Ta lokacin korona ta fi sauri. Ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga nazarin da ya ce ya tattara bayanan majinyata sama da 96,000 daga asibitoci 671, ya kuma ce maganin kulorakwin da ɗan'uwansa na ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta dakatar da wani ɓangare na gwajinta. Masu karatu ne suka ce a tsaya: adadin mamatan da aka ce daga Ostireliya ya zarce wanda ƙasar ta sanar, kuma waɗanne asibitocin Afirka ne ke da irin wannan cikakken bayani a kwamfuta? Duk wanda ya taɓa neman foldar majinyaci a ɗakin ajiyar katunanmu zai yi wannan tambayar. Kamfanin Surgisphere da ya ba da alƙaluman ya ƙi a duba su, ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar.

To bitar na da rauni, amma ban san abin da ya fi ta ba. Ni idan aka aiko mini da maƙala, ba na fara karanta gabatarwa. Jadawali nake buɗewa in ɗauki kalkuleta. Na taɓa haɗa kason wani jadawali ya ba ni 112 cikin 100. Na taɓa ganin wanda ya raba takardun tambayoyi 400, duka 400 suka dawo, babu gurbi ɗaya da aka tsallake, a unguwar da shi da kansa ya ce yawancin matan ba su yi boko ba. Na san inuwar da aka cika waɗannan takardu, na san an sauya biro sau uku.

Kuma na san inda wannan hali ke farawa. Ina sabuwar nas, mu biyu ne da dare a kan yara kusan 40, tamomita ɗaya. Da ƙarfe biyu abokiyar aikina, wadda ta girme ni, ta ja kujera ta jera katuna a tebur ta shiga rubutu: 37, 36.8, 37.1. Ba ta taɓa goshin kowa ba. Layin ya fito tsaf, gwanin sha'awa. Da asuba yaron gado na tara ya fara jijjiga, jikinsa kamar garwashi, katinsa kuwa na cewa lafiya lau ya kwana. Allah ya yi da sauran kwanansa. Duk lokacin da na ga jadawalin da ya cika kyau, wannan katin nake tunawa, domin maƙala ma kati ce: wata nas a wani gari za ta karanta ta yi aiki da ita a jikin mutum.

Zargin wariya kuwa ba zan ce babu ba. Akwai mai bitar da in ya ga Turancin bai yi santsi ba sai ya yanke hukunci tun a shafin farko. Sai dai mujallun jinya da yawa kan cire sunan marubuci kafin su aika wa mai bita, kamar yadda suke ɓoye nasa. Ki ajiye wasiƙar kwana uku. Sannan ki ɗauko ta ki raba sukan gida uku: wanda suka yi gaskiya, wanda ba su fahimce ki ba saboda ba ki yi bayani sosai ba, da wanda suka yi kuskure. Za ki ga gida na uku ya fi ƙanƙanta. Tunda hira kika yi da mata, ki nemo jerin ƙa'idojin COREQ na 2007, na rubuta binciken da aka yi ta hira, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma bayyana: wa ya yi hirar, da wane harshe, wa ya fassara, miji ko uwar miji na zaune a wurin ko a'a. Wannan na ƙarshen, ke kin fi mai bitar sanin yadda yake sauya amsar mace. Ki gyara ki aika wata mujallar. Idan sun ce ki ba da sunayen masu bita, kada ki sa ƙawarki. A 2017 mujallar Tumor Biology ta janye maƙala 107 a lokaci guda saboda bitar bogi.

Mama, na gama tattara bayanai kan gyambon masu ciwon suga a ɗakinmu, har da hotuna a wayata. Sai yanzu mujalla ke neman lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ni kuwa ban nema ba. Wani ya ce zai samo mini wasiƙa a sa mata kwanan watan bara. Ai ba wanda na cutar.
*Nas, Jihar Kano*

Daga Kano kake rubuto mini wannan, ɗana? To zauna.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen shekarar 2000, daga nan ya fito cewa wasiƙar amincewar da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ka kuma san da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Mu da muka bi gida-gida muna roƙon a ɗiga wa yara, mun sha jin sunan a bakin zaure.

Irin wannan wasiƙar ake so a samo maka. Ƙin neman izini sakaci ne, ana iya gyara shi. Mayar da kwanan wata baya jabu ne, yana iya cin lasisinka.

Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964 ta kuma sha sabuntawa, ta ce kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, kuma asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da nasu kwamitocin. Ko tsofaffin katuna kawai za ka duba, ba kai za ka yanke cewa ba ka buƙatar izini ba, su za su faɗa a rubuce. Ka je wurinsu ka faɗi gaskiya. Mai yiwuwa su ce aikin nan ba ya buguwa, ka sake sabo. Mai yiwuwa, in bayanan na cikin aikin jinya na yau da kullum ne, su ba ka izinin nazarin katunan daga yanzu. Duk abin da suka ce, shi za ka gaya wa edita.

Hotunan su suka fi damuna. Ƙafar tsohon da ka ɗauka, ya san mujalla za ta? Yardar a wanke gyambo daban, yardar a buga hoto daban, kuma ta biyun a rubuce ake sonta. Baƙin layi a kan ido ba ya ɓoye mutum ga 'yan garinsu, balle mai zane a fuska ko lalle a ƙafa. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa a gaban shaida, ya dangwala, a kuma gaya masa ƙarara cewa in ya ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba shi. Idan mace ce, sanar da maigida ladabi ne, amma yardarsa ba ta maye gurbin tata. Kafin nan, ka cire hotunan daga wayar da yara ke wasa da ita a gida.

Malama, ya halatta in yi amfani da ChatGPT wajen rubuta maƙala? Kuma zan iya aika maƙala ɗaya mujallu biyu don in rage jira?
*Ɗaliba, Jihar Neja*

Ta biyun tukuna: a'a. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kamar neman aure. In kin gaji da jira ki rubuta ki janye, su amsa, sannan ki kai gaba.

Ta farkon kuwa, abin dariya, har a gidanmu na jinya an ji kunyarta. A farkon 2023 mujallar Nurse Education in Practice ta fito da wani sharhi da sunan ChatGPT a jerin marubuta, daga baya aka buga gyara aka cire. A wannan shekarar, ICMJE da COPE, wato kwamitin ɗa'ar wallafa da editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, duk suka ce manhaja ba ta zama marubuciya, tunda ba a iya kiranta ta amsa tuhuma. Ki gyara Turancinki da ita in mujallar ta yarda, ki kuma bayyana kin yi. Amma kowane madogarin da ta ba ki ki nemo shi da idonki, tana ƙirƙiro maƙalun da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci da lambar shafi. Kuma kada ki zuba mata bayanan majinyata.

Malama, maƙalata ta fito bara, an kuma yi mini ƙarin girma da ita. Shekaranjiya ina shirya darasi na gano na musanya layi biyu a jadawali na uku: alƙaluman waɗanda aka wanke wa rauni da ruwan gishiri sun koma gurbin ɗaya rukunin. Ba wanda ya lura. Na kasa barci.
*Malamin jinya, Jihar Bauchi*

Rashin barcin nan alheri ne, ɗan'uwa. Da maganin wani ka ba wani, ai ba za ka jira a lura ba, za ka kira likita ka rubuta rahoto. Nan ma haka.

Mujallu sun bambanta kuskure da maguɗi. Idan musanyar a jadawali kawai ta tsaya, bayanin cikin maƙalar da sakamakon ƙarshe suna nan daidai, gajeren gyara za su buga su liƙa shi da maƙalar. Idan kuwa a kan jadawalin da ya juye ka gina sakamakon, wato ka yaba hanyar da ba ita ta fi ba, to janyewa ce, kuma ƙa'idar COPE ta ce sanarwar janyewa ta faɗi dalili, don a san kuskure ne ba ha'inci ba. Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel a ilimin sinadarai a 2018, da bakinta ta sanar a Janairun 2020 cewa ta janye maƙalarta daga mujallar Science saboda an kasa maimaita sakamakon. Yabo ta sha.

Yau ka buɗe bayananka na asali ka sake lissafin tun daga tushe, don ka san wanne ne cikin biyun. Gobe ka kira waɗanda sunansu ke kan maƙalar, kada su ji a bakin edita. Sannan ka rubuta wa editan wasiƙa gajeriya: sunan maƙala da lambarta, jadawali na uku layi kaza da kaza, ga yadda aka buga, ga yadda ya kamata, ga abin da ya sauya a sakamako ko bai sauya ba. Ka haɗa da bayanan asali. Shugaban sashenka kuma ka kai masa kwafi da hannunka.